Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Na sha jin ku kuna cewa Inna ba ta ƙaunata. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma ƙofofin gidan nan ni na haɗa su da hannuna, na san wadda ba ta rufuwa da kyau. Na kuma san abin da gwaggonku Hajara take gaya muku duk sanda aka taɓo zancen, wai ni na jefa tsohuwar cikin halin da ta rasu a cikinsa. Taku maganar kuskure ce tsagwaronta. Ta Hajara kuwa akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ita ba ta je wurin ba, ni na je. Shi ya sa na ware wannan babin don shekarar da na kai kakarku gidan bakin tafki, tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma ku 'ya'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, ku da mamanku take ƙwala wa babbanku kira da sunansa tun daga kicin har maƙwabta su jiyo. A zamanin su Inna mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Inna kuwa jinin Fulanin Dagumawa ce, ta riƙe abin har ta zarce sa'o'inta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Isiyaku ya fito daga bakinta ba. In tana nemana sai ta ce da ƙannena su kira mata yayansu. In mu biyu ne a tsakar gida sai ta dubi bango ta ce, kai, ga tuwo nan. Akwai wani mai sayar da gawayi a layinmu da muke suna ɗaya, shi ma har ya bar unguwar Mai Gawayi take ce masa. Lokacin da na faɗo daga kan rufin wani shago na karye a ƙafa, ina magidanci da 'ya'ya, ta zo asibiti ta gaida majinyacin da ke gadon kusa da nawa, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta fita. A waje ta tambayi Hajara ko an ɗaure wa mutumin ƙafar. Daga baya Hajara ta ce min har aka sallame ni tsohuwar ba ta ci abincin kirki ba. Don haka na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma sani daban, ji da kunne daban, kuma ba zan ɓoye muku ba, na girma har na yi furfura ina kwaɗayin jin sunana a bakinta.

Babanmu Malam Audu shi ne mai kula da injin da ke tura ruwa cikin gari. A wancan lokacin akwai wani tafki da aka gina da siminti a bayan Wudil, in ka ɗauki hanyar Kausani ka saki titi ka gangara. Ana janyo ruwa daga kogi a tara a ciki, in ya kwanta sai inji ya tura shi famfunan gari. Gidan mai inji yana daf da tafkin, ɗaki biyu da ɗakin girki da 'yar katanga, sai ƙofar baya da ke kallon ruwan. A nan aka haife ni. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Gwaggo Asabe, yayar Baba, a Sabon Garin Wudil, kamar yadda ake yi wa 'yan fari, ina zuwa gidan ne kamar baƙo. Gwaggo ce ta ba ni labarin da na rayu da shi. Ta ce ina tatata, ba a kai ga yaye ni ba, Inna tana daka a tsakar gida, na sulale ta ƙofar baya na bi matakalar tafkin na faɗa ciki.

“Ranar nan uwarka ta zubar da kunyar duniya,” in ji Gwaggo. “Ta saki taɓarya ta kurma ihu, Isiyaku, Isiyaku, har masu noma a gonakin can suka jiyo. Ubanka ya fito da gudu daga ɗakin inji ya faɗa ya tsamo ka. Da ta ga kana numfashi sai ta juya ta koma kan turminta kamar ba ita ba. Ta daɗe ba ta iya kallona ba.”

Ban tuna komai a ciki ba. Na sha sa Gwaggo ta maimaita min har ta fara korata. Daga baya aka daina amfani da tafkin, aka koma rijiyoyin burtsatse, Baba ya yi ritaya muka tattara a Sabon Gari, gidan ya zama kango. Baba ya rasu, Gwaggo ta bi shi, ya zamana duk duniya ba wanda ya ji ihun nan da kunnensa sai ita mai ihun.

Shekarar da nake ba ku labari, gigin tsufa ya kama Inna. Ya fara da ƙananan abubuwa, ta zuba gishiri a koko, ta yi la'asar ta sake tayar da wata. Sai ta fara manta ku, ku jikokinta, tana tambayar 'ya'yan wane ne suka cika mata ɗaki. Hajara, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita take kula da ita, kuma ita Inna ba ta manta ba, tana kiran sunanta safe da yamma. Ni kuwa in na zo gaisuwa sai ta sunkuyar da kai ta dubi bango, kamar yadda ta saba. Hajara takan nuna ni ta tambaye ta.

“Inna, wane ne wannan?”

Sai ta yi shiru tana murza bakin zaninta.

“Ka gani ko, Yaya? Ta gane ka sarai. Kunyarka take ji.”

Ni ban gamsu ba. Shirun kunya da shirun wanda bai san ka ba, a fuska iri ɗaya ne, kuma ni kaɗai ne a gidan ba ni da hanyar bambancewa. Kowa yana da ma'auni, in ta kira sunansa ya san yana nan a ranta, in ta kasa ya san ya fita. Ni ba ni da shi. Abin nan ya hana ni sukuni, ina fiƙe katako a shago ina tunaninsa har na ɓata wa mutane aiki. A daidai lokacin ne ta tsiri cewa a kai ta gida. Ana ce mata ai gida take, sai ta ce a'a, ba ta jin ƙarar inji. Sai na ƙudurta a raina cewa in na tsayar da ita a tsakar gidan da ta haife ni, ƙila abin da ya ruɗe ya warware ko na ɗan lokaci ne, in ga alamar da za ta nuna min ta san ni ne. Na gaya wa Hajara.

“Yaya, don girman Allah ka bar ta. Gidan da take nufi babu shi. Me za ta gani a can ban da macizai?”

“Gidan yana nan. Ina hango rufinsa in na kai kaya Kausani.”

“Rufi ne gida? Ka faɗi gaskiya, ba don ita za ka kai ta ba, don kanka ne.”

Raina ya ɓaci, kuma kun san ni in raina ya ɓaci. Na ce mata wanda aka kira sunansa tun yana zanin goyo ba zai gane ba, ta yi min shiru. Ta yi shirun, amma ba ta yarda ba. Na bari sai ranar da ta tafi suna Dagumawa, ta bar Inna a hannun matar maƙwabcinmu. Na zo da hantsi da akori-kurar da nake kai wa mutane gado da kujeru, na ce da Inna ta taso a kai ta gida. Ban taɓa ganin ta yi saurin neman mayafi irin na ranar ba.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai. Muka wuce gidajen hayar da ake ta gina wa ɗaliban jami'a, muka saki titi, ciyawa tana shafar motar ta kowane gefe, har hanya ta ƙare a gindin wata tsamiya. Daga nan da ƙafa muka ƙarasa, tana gaba da sandarta ina biye, don ba ta taɓa yarda na riƙe mata hannu ba. Ni kafinta ne, abin da na fara gani shi ne an cire ƙofofi da tagogi har da firam ɗinsu, an bar ramuka. Gara ta cinye katakon rufi, kwanon ɗaki ɗaya ya rufta ciki, ɗayan iska ta naɗe shi kamar tabarma. Warin jemage ya cika ko'ina. Ƙasa duk kashin awaki ne da tokar makiyayan da suka fake wa ruwa, bango kuwa an cika shi da rubutun gawayi. Na leƙa ɗakin inji. Injin da Baba yake gogewa kamar amarya, masu sayen tsohon ƙarfe sun yanke shi sun tafi, sai kusoshin da suka kasa cirewa a cikin siminti da baƙin tabon mai. Na ce a raina Hajara ta yi gaskiya, mu juya.

Amma Inna ba abin da nake gani take gani ba. Ta shiga tsakar gidan da sallama. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da babu shi, ta sunkuyar da kai a daidai inda igiyar shanya take da. Ta shiga ɗakin girki ta kai hannu kan wata ƙusa mai tsatsa ba tare da ta duba ba, inda take rataye faifai. Tafiyarta ma ta canja, sandar sai ta zama kamar riƙe ta kawai take yi. Lallen da ta shuka a jikin katanga ya zama bishiya, ya tsage katangar ya fita. Ta tsinko ganye ta murza ta shinshina.

“An bar shi ba a yi masa aski ba,” ta ce. “Nan randa take. Wa ya ɗauke randar?”

“An kai ta wanki, Inna,” na ce, don ban san me zan ce ba.

“To. Malam bai tayar da inji ba yau.”

A tsakiyar gidan akwai wani ɗan kwarmi da ƙasa ta lotsa, ta tsaya a kansa tana kallo, sai na gane nan ne mazaunin turmi. Fuskarta ta saki, rabon da in ga haka tun kafin ciwon. Ina tsaye a gefe ina jira ta ɗago ta gan ni ta kawar da kai irin kawarwar da na sani. Wallahi a lokacin ko wannan ta ishe ni. Sai ta juya ta dubi ƙofar baya, wadda ita ma rami ce kawai, ta nufe ta.

Tafkin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta kowace tsaga, ƙananan itatuwa sun tsiro a gefensa. Amma ruwan damina ya taru a ƙasa, kore shar, kainuwa ta rufe rabinsa, kuma matakalar tana nan tana gangarawa har cikinsa. Motsinmu ya firgita wani tsari, irin guzan nan na bakin ruwa, da ke shan hantsi a kan matakalar ƙarshe. Ya faɗa ruwan, ji kake tsundum, kainuwa ta buɗe ta rufe.

Inna ta saki sandar.

“Isiyaku! Isiyaku!”

Ban san tsohuwar da da ƙyar ake jin sallamarta tana da murya irin wannan ba. Muryar ta daki bangon tafkin ta dawo. Zan gaya muku gaskiya, abin da na fara ji daɗi ne, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, har idona ya kawo ruwa. Na ce shi ke nan, na samu.

“Na'am, Inna! Ga ni!”

Ta juyo ta dube ni tsakiyar ido. Ba ta taɓa yi ba. Ta cakumi gaban rigata da hannu biyu, wannan ma ba ta taɓa yi ba. A nan na gane, tun kafin ta buɗe baki.

“Bawan Allah, ka taimake ni. Yarona ya faɗa ruwa. Ɗan ƙarami ne, bai gama iya tafiya ba.”

“Inna, ni ne. Ni ne Isiyakun. Ai an tsamo ni, Baba ya tsamo ni tuntuni.”

“Tsoho da kai ka tsaya kana yi min wasa? Ka shiga ka ɗauko min shi! Shi kaɗai gare ni!”

Ta sake ni ta juya wajen ɗakin inji tana kiran Malam, Malam. A labarin Gwaggo nan ne Baba yake fitowa da gudu. Ta tsaya tana kallon ramin ƙofar, ba wanda ya fito. Sai ta nufi matakalar za ta sauka da kanta. Na riƙe ta, na zaunar da ita, na ce ta tsaya zan shiga. Me zan yi? Na cire takalmi na gangara da rigata. Ruwan ya kawo min ƙugu, laka tana cin ƙafata, ina ture kainuwa ina lalube, ita kuma tana daga sama tana nuna min.

“Can! Ka matsa hagu! Ka nutsa hannunka da kyau mana!”

Haka na yi ta lalube, dattijo da farin gemu, ina neman kaina a cikin taɓo, ina kuka ba ta sani ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na ga numfashinta yana sarƙewa sai na fito. Ta dubi hannuwana, ta ga ba komai sai laka. Ba ta sake ihu ba. Ta ɗora hannu a ka tana rangaji a kan matakalar tana magana ƙasa-ƙasa, ina tsugune a gabanta ruwa yana ɗiga daga jikina.

“Ɗan farina ne. Yana da 'yar wushirya. In ba kowa a gidan nakan ɗora shi a cinya in yi ta kallonsa. Ko sau ɗaya ban yi masa rawa ba, kar a ce ba ni da kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba sai yau, kuma bai amsa ba.”

Duk abin da na yi shekaru ina son ji, na ji shi a ranar, har da ƙari. Da na san a haka zan ji shi, da na zaɓi shirun.

Na ɗauke ta cak zuwa mota, ba ta hana ba, don ba ta jin kunyar baƙo. Hajara ta dawo ta tarar da mu, ta dubi rigata ta dubi Inna, ta kama hannunta ta shige da ita ɗaki, kuma har yau wannan abin bai gama warwarewa tsakaninmu ba. Na yi ta fatan ciwon da ya kwashe mata komai zai kwashe wannan ma kafin gari ya waye. Bai kwashe ba. Ta manta ta ci abinci, ta manta alƙibla, daga baya har ta manta Hajara, amma kullum ta farka abin da take fara tambaya shi ne ko an ga yaron. Ta daina cewa a kai ta gida. Ta zauna zaman makoki, in mata suka shigo gaishe ta sai ta amsa musu kamar masu ta'aziyya. Hajara ta taɓa aro jaririn maƙwabta ta ɗora mata a cinya ta ce ga shi an samu. Inna ta buɗe bakin yaron ta duba, ta miƙa mata abinta. Malamai sun yi addu'a, likita ya ba da maganin barci. Abinci sai an yi da gaske take karɓa, tana ta ramewa a gabanmu har aka shiga sanyi.

Ni kuwa daga ranar ta gane ni, ba ta sake manta ni ba. Ni ne mutumin da ya shiga ruwa. In na yi sallama sai ta ɗago ta dube ni sosai, ta sa a shimfiɗa min tabarma, ta ce da ku ku gaida baƙo, ƙila wasunku sun tuna. Wannan ne kuka gani kuka ce ba ta ƙaunata. Ba ta taɓa zargina ba, godiya ma take yi min, kuma godiyar nan ta fi zagi ciwo. Kullum sai ta ba ni labarin yaron, ni kuma ina zaune ina ji. Na daina ce mata ni ne, don duk sanda na faɗa sai ta yini tana kuka, wai ana yi mata ba'a da mutuwar ɗanta.

Ana jibi za ta rasu na je da yamma. Hajara ta tashi ta ba mu wuri. Inna ta miƙo hannu ta kama nawa, hannun ba nauyi kamar busasshen kara.

“Bawan Allah, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka maka. Abu ɗaya zan roƙe ka.”

“Ina ji, Inna.”

“In an same shi, kar a kai shi nesa. A sa min shi kusa da ni. Sunansa Isiyaku, kar ka manta.”

“Ba zan manta ba, Inna.”

Kun sha yi min tsiya a kan yawan zuwana maƙabarta, da yadda nake damun masu haƙa a kan ɗan filin da ke gefen kabarinta, har na kafa masa turaku na kewaye. Kuna cewa Baba da rigima, ƙasa ai duk ƙasa ce. Haka ne, kuma ba wanda ya san inda tasa take jiransa. Amma in Allah ya sa a Wudil na cika, kun san inda za ku kai ni. Ta tafi tana jira a kawo mata yaronta, kuma ni na ce mata to.